Makaranta mai ɗaki ɗaya a karkarar Amurka: tasowarta, rufewarta, da wahalar adana ta

A shekarar 1919 akwai makarantu kusan 190,000 a Amurka waɗanda kowaccensu ɗaki ɗaya ce tal, malami ɗaya, yara tun daga ɗan shekara shida har zuwa matashi mai sha biyar duk a ƙarƙashin rufi guda. Zuwa 2005, irin waɗannan makarantu da hukuma ke gudanarwa ba su kai 400 ba. Amma gine-ginen ba su tafi tare da ɗaliban ba. Dubbai na nan tsaye a bakin hanyoyin gona. Wasu sun koma rumbun hatsi, wasu gidan zama, wasu rufinsu ya rufta ciyawa ta cinye su, ƙalilan kuma an gyara su ana kai baƙi su gani. Duk garin da ke da irin wannan gini yakan wayi gari da tambayoyi uku a gabansa: na wane ne, wa zai biya kuɗin gyara, kuma me ake so a tuna idan an gyara.

Kafin a fahimci rigimar adanawa, sai an san dalilin da ya sa makarantun suka yi yawa haka. A 1785 majalisar ƙasar ta yi dokar auna filayen da ke yamma da tsofaffin jihohi. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowacce mil shida a tsaye mil shida a kwance, aka sake raba kowace gunduma gida 36, kowane yanki eka 640. Yanki na 16 aka keɓe shi domin ilimi, a sayar ko a ba da haya, kuɗin ya shiga asusun makaranta. Mutane da yawa na zaton a kan wannan yanki ake gina makarantar, alhali kuɗinsa kawai ake nufi. Abin da ke yanke inda za a kafa ginin shi ne ƙafar yaro. Babu mota, hanya laka ce da damina, dusar ƙanƙara ce da hunturu, saboda haka dole makaranta ta zo kusa da gida. A jihar Iowa tsarin ya fito fili sosai: makaranta a kowane mil biyu, tara a gunduma ɗaya, ta yadda yaro ba zai taka fiye da mil biyu ba. Da haka jihar ita kaɗai ta tara makarantu fiye da 12,000.

Su wa suka mallake su? Maƙwabta. Wani manomi zai yanke eka ɗaya daga kusurwar gonarsa ya bayar, sauran su haɗa hannu su ɗaga gini, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda akwai daji da gungumen itace ake yi, a filayen ciyawa na Nebraska da Dakota da yankakkiyar ƙasa mai saiwa ake jerawa kamar tubali, a wasu sassan Kansas da dutse, inda hali ya samu kuma da jan bulo. Hoton da ya zauna a zukatan Amurkawa na ƙaramar makaranta ja ne, amma yawancin na katako farin fenti aka shafa musu, wasu ma ba su taɓa ganin fenti ba. Mutanen yankin su ke zaɓar ƙaramin kwamiti, galibi mutum uku, daga cikinsu. Kwamitin ne ke ɗaukar malami, ya sallame shi, ya yanke harajin da kowane mai gona zai biya, ya sayi itace ko kwal na hunturu. A wannan ɗaki ake kaɗa ƙuri'a ranar zaɓe, a nan ake taron ibada kafin a gina coci, a nan ake gasar harhaɗa kalmomi da muhawara da bikin ƙarshen shekara. Ga manomi da yawa, wannan ita ce hukuma ɗaya tilo da yake iya zuwa ya ɗaga murya kuma a ji shi. A riƙe wannan, domin shi ne ya sa rufe makarantun ya yi ɗaci.

Yadda ake karatu a ciki ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abin da gidajen tarihi suka fi kasa nunawa. Malama takan riga kowa isowa, ta hura murhun ƙarfen da ke tsakiyar ɗaki, ta share, ta rubuta aikin ranar a allo. Wanda ke kusa da murhu gumi yake, wanda ke jikin bango yatsunsa sun ƙage, wani lokaci tawada ma daskarewa take a cikin kwalba. Ruwan sha a bokiti ake ɗebo shi daga rijiyar maƙwabci, moɗa ɗaya kowa ke sha da ita, har sai da jami'an lafiya suka hana. Masai biyu ne a bayan fili, na maza da na mata. A gaban ɗakin, kusa da teburin malama, akwai dogon benci. Ajujuwa takwas ne a ɗaki ɗaya, don haka sai ta kira 'yan aji uku, su biyu ko uku, su zo bencin su biya karatu na minti goma, su koma, ta kira 'yan aji bakwai su yi lissafi, haka har yamma. Darussan yini ɗaya sukan haura ashirin. Sauran yara suna kujerunsu suna aiki a kan ƙananan allunan dutse, amma kunnensu na gaba. Yaron aji biyu yana jin darasin 'yan aji biyar shekara uku kafin ya kai, wanda aka bari a baya kuma yana sake jin abin da ya wuce shi ba tare da an kunyata shi ba. Manya su ke duba aikin ƙanana, su ɗaura musu igiyar takalmi, su raba faɗa. Littattafan karatu na William McGuffey, waɗanda suka fara fita a 1836, an sayar da fiye da miliyan 120 daga cikinsu, kuma kaso mai yawa a irin waɗannan ɗakuna aka karance su.

Lokacin karatu ma gona ke yanke shi. Manyan samari sai da hunturu suke zuwa, idan aikin gona ya lafa, wasunsu sun girmi malamar. Wanda ya kai aji takwas sai ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma ya zauna jarrabawa, kuma ga yawancin yaran karkara na wancan zamani, nan karatu ya tsaya.

Malaman kuwa, bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 aikin ya koma hannun 'yan mata, wasu shekarunsu sha shida ko sha bakwai, ba su daɗe da gama irin makarantar ba. Kwamitoci sun fi son su ne saboda albashinsu bai kai na maza ba. A wurare da yawa malama ba ta da ɗakin kanta, gida-gida take kwana a gidajen iyayen ɗalibai, mako nan mako can, kuma ranar da ta yi aure aiki ya ƙare. Nauyin da ke kanta ya wuce koyarwa. Ranar 12 ga Janairun 1888 gari ya waye da ɗumi a filayen Nebraska da Dakota, yara suka tafi makaranta ba tare da manyan riguna ba, da rana sai guguwar dusar ƙanƙara ta sauko ba zato. Mutum kusan 235 suka mutu, da yawansu yara ne da suka ɓata a hanyar komawa gida. Wata matashiyar malama a Nebraska, Minnie Freeman, iska ta yaye rufin makarantarta, ta jagoranci ɗalibanta cikin guguwar har wani gida, babu wanda ya salwanta. Sauran malamai da dama sun ƙona bencina da tebura don yara su kwana da rai.

A kudancin ƙasar labarin yana da wata fuska. Dokokin wariyar launin fata sun raba makarantu, kuɗin haraji kuma ya fi karkata ga na fararen fata. 'Ya'yan baƙaƙen fata a coci ko a bukkar da ke yoyo suke karatu, na 'yan watanni a shekara. Daga 1912 Booker T. Washington, jagoran ilimin baƙar fata na cibiyar Tuskegee a Alabama, ya haɗa kai da Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, suka fara da makarantu shida a kusa da Tuskegee. Zuwa 1932 an gina kusan 5,000 a jihohi 15, da yawansu masu malami ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne sai jama'ar wurin sun kawo nasu kason, hukumar yankin ma ta sa nata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, talakawan baƙar fata, masu noma a gonar wasu, sun tara kusan dala miliyan 4.7, fiye da abin da asusun Rosenwald ɗin kansa ya bayar, ga kuma harajin da suke biya tun farko. An zana gine-ginen da manyan tagogi a jere saboda babu lantarki, hasken rana ne fitila. John Lewis, wanda ya zama jigon gwagwarmayar 'yancin baƙar fata kuma ɗan majalisa, a irin wannan makaranta ya fara. Bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, sannu a hankali aka yi watsi da su, kuma kiyasi ya nuna kusan kashi ɗaya cikin goma ne suka rage.

Me ya kashe makarantar ɗaki ɗaya? Abubuwa ne suka taru. Tun farkon ƙarni na 20 masana ilimi irin su Ellwood Cubberley na jami'ar Stanford suka yi ta cewa makarantar karkara koma-baya ce: malamai ba su da horo, babu ɗakin gwaje-gwaje, babu ɗakin karatu, kwamitin manoma kuma rowa ta yi masa yawa. Maganinsu shi ne a haɗe ƙananan makarantu a gina babba ɗaya a gari, a riƙa ɗebo yara. Massachusetts ta halatta kashe kuɗin hukuma wajen jigilar ɗalibai tun 1869, amma sai da aka samu hanyoyi masu kyau da motoci abin ya kankama. A 1939 aka yi taro a jami'ar Columbia da ke New York, ƙarƙashin Frank Cyr, inda aka amince da fasalin motar ɗalibai da launin rawayan da aka san ta da shi har yau. Sannan tarakta ta zo. Manomi ɗaya ya iya nome abin da iyalai huɗu ke nomawa, sauran suka sayar suka nufi birni. Mazauna gonaki sun kai kusan miliyan 32 a 1920, zuwa 1970 ba su kai miliyan 10 ba. Makarantar da ta saba da yara talatin ta koma shida, ta koma uku. Jihohi kuma suka ɗaure tallafinsu da sharaɗin haɗewa. Gundumomin makarantu da suka haura 127,000 a farkon shekarun 1930 suka dawo kusan 16,000 a 1980.

A ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma duk mai son ba da labarin nan da adalci sai ya riƙe biyun. Yarinyar da aka kai babbar makaranta ta samu damar sakandare da jami'a wadda uwarta ba ta samu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma iyayen da suka yi ta jayayya a tarurruka, suna cewa ɗansu ɗan shekara shida zai riƙa shafe awa guda a mota kafin ya isa aji, kuma ba su ƙara sanin wanda ke koyar da shi ba, ba jahilci ke damunsu ba kamar yadda aka riƙa zarginsu. Sun ga cewa idan makaranta ta tafi, abin da ke tara su ya tafi, kuma a wurare da yawa hakan aka yi.

Tun ana cikin rufe su aka fara kewar su. Ranar 11 ga Afrilun 1965, shugaba Lyndon Johnson ya je harabar ƙaramar makarantar Junction kusa da Stonewall a Texas, inda ya fara karatu yana ɗan shekara huɗu, ya zaunar da malamarsa ta farko, Kate Deadrich Loney, a gefensa, ya sa hannu a kan babbar dokar tallafin gwamnatin tarayya ga ilimin firamare da sakandare. A 2004 kuma jihar Iowa ta sa hoton makaranta mai ɗaki ɗaya a kan tsabar kuɗin da aka buga da sunanta.

To idan an rufe makaranta, ina take komawa? Nan ne matsalar farko ta masu adanawa. Takardun filaye da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa ranar da aka daina karatu, filin ya koma ga mai gonar ko magadansa. Ginin kuma akan yi gwanjonsa, da bencina da ƙararrawa da taswira, kowa ya ɗauki nasa. Shi ya sa yau kwamitin gyara kan fara da zaman ofishin rajistar filaye, ana neman jikokin da suka watsu a jihohi daban-daban su sa hannu. Wani abin lura shi ne, ginin da manomi ya mai da rumbu ya fi daɗewa a kan wanda aka kulle aka bari, domin mai hatsi ba ya barin rufi ya yi yoyo, ko da ya fasa bango ya buɗe wa tarakta ƙofa.

Ruwa shi ne babban abokin gabar waɗannan gine-gine. Kwano ɗaya ko fale-falen katako kaɗan su yaye, ruwa ya bi ta silin, filasta ta zubo, katakon da ke kwance a kan harsashi ya ruɓe, bango ya fara karkata. Ginin da ya yi shekara ɗari a tsaye yana iya durƙushewa cikin shekara goma idan rufi ya buɗe. Masu sanin aikin kan ce a fara da rufi, sai magudanar ruwa, sai harsashi, komai kuma ya jira. Idan babu kuɗi, a toshe tagogi da katako, a bar kafar da iska za ta ratsa, a hana dabbobi shiga, har hali ya samu. Akwai kuma ɓarnar da kyakkyawar niyya ke jawowa. Tsohon bulo da dutse da kwaɓin farar ƙasa aka haɗa su, mai laushi, mai barin danshi ya fita. Wani ya zo ya cike tsagogin da siminti na zamani, sai danshin ya maƙale, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Wani ya cire tsofaffin tagogin katako ya sa na roba, alhali tagogin su ne rabin tarihin ginin. Tsohon fenti kuma yana ɗauke da dalma, wadda sai a 1978 aka hana amfani da ita a fentin gidaje, don haka kankare shi ba aikin da za a tara yara su taya ba ne.

Doka tana taimakawa, amma ba yadda mutane ke zato ba. Dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ta kafa rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, kuma gini mai shekara 50 zuwa sama yana iya shiga idan yana da muhimmanci kuma bai sauya kama ba. Shiga rajistar na kawo martaba, yana buɗe ƙofar neman wasu tallafi, yana tilasta wa hukumomin tarayya su yi nazari kafin aikin da suke ɗaukar nauyi ya taɓa wurin. Sai dai ba ya hana mai gini ya rushe kayansa da kuɗinsa. Rangwamen haraji na kashi 20 da gwamnatin tarayya ke bayarwa kan gyaran tsofaffin gine-gine kuwa na ginin da ke kawo kuɗin shiga ne, makarantar da ke tsakiyar gonar masara ba ta cikin wannan sahu. Saboda haka nauyin yana kan ƙungiyoyin tarihi na ƙananan hukumomi da masu aikin sa-kai, yawancinsu tsofaffin malamai da tsofaffin ɗalibai, da 'yar gudummawar da suke tarawa. Gidauniyar ƙasa mai kula da wuraren tarihi ta sa makarantun Rosenwald cikin jerin wuraren da suka fi fuskantar barazana a 2002, ta sa na karkarar Montana a 2013, hakan ya jawo hankali da ɗan kuɗi, amma bai kai ko kusa da yawan gine-ginen ba.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce a ɗauke ko a bari. Ɗaga ƙaramin ginin katako a ɗora a babbar mota abu ne mai yiwuwa, kuma an daɗe ana yi. Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, ya kwashe makarantar da ya yi tun yana yaro ya kai ƙauyen tarihin da ya kafa a Dearborn ta jihar Michigan, ƙananan hukumomi da yawa kuma sun kai nasu filin baje kolin amfanin gona ko tsakiyar gari, inda ake iya tsaro kuma baƙi ke zuwa. Masu adawa na cewa makarantar da aka ajiye kusa da wurin ajiye motoci ta rasa abin da ya haife ta, wato nisa. Dokokin rajistar ƙasa ma ba sa maraba da ginin da aka gusar. Wanda ya je makarantar Lower Fox Creek a Kansas, ginin dutse na 1882 da ke tsaye shi kaɗai a kan tudu, ciyawa iyakar ganin ido, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta, ba ya buƙatar a yi masa bayanin me tafiyar mil biyu da hunturu ke nufi ga yaro. Haka makarantar Freeman ta jan bulo a Nebraska, wadda aka gina a 1872 aka yi karatu a cikinta har 1967, tana nan inda aka kafa ta. Ni ina tare da masu cewa a bari a wurin matuƙar akwai mai kula. Idan kuwa zaɓin ya zama tsakanin ɗaukewa da katafila, babu abin tsayawa shawara.

Bayan an tsira da ginin, sai wata tambayar ta taso: wace shekara za a mayar da shi? Makarantar da ta yi aiki daga 1880 zuwa 1955 ta ga fitilar kananzir ta ga lantarki, ta ga allon dutse ta ga littafin rubutu. Kwamitoci da yawa kan zaɓi zamani mafi tsufa domin ya fi kyan hoto, su cire wayar lantarki, su sayo bencina daga kasuwar tsofaffin kaya, su ajiye doguwar hular takarda ta ladabtar da dolo a kusurwa ko da babu shaidar an taɓa amfani da ita a wurin. Sakamakon shi ne ɗaruruwan gidajen tarihi masu kama da juna, babu wanda ke ba da labarin yankinsa. Wannan ya fi ba ni takaici a kan rufin da ya rufta, domin kuɗi da gumi aka kashe aka share ainihin abin da aka zo adanawa. Wuraren da suka dace su ne waɗanda suka bi takardun makarantar kanta: rajistar malama mai sunayen yara da ranakun da suka yi fashi saboda girbi ko ƙyanda, littafin zaman kwamiti inda aka yi gardama kan kuɗin kwal, kwantiragin da ya nuna nawa aka biya mace nawa aka biya namiji. Su ne kuma ke faɗin wanda aka hana shiga, ko 'ya'yan baƙar fata ne, ko 'ya'yan asalin mazauna ƙasar da aka kwashe zuwa makarantun kwana nesa da iyayensu. Wasu na kawo 'yan firamare su yini guda suna karatu a kan tsarin bencin gaba, wasu sun mai da ɗakin wurin taron unguwa da rumfar zaɓe kamar da, kuma irin waɗannan ne rufinsu ba ya daɗewa yana yoyo ba a gani ba.

Tsarin bai mutu gaba ɗaya ba. Montana na da 'yan gommai da ke aiki a yankunan kiwo masu nisa, akwai wasu a tsibiran gaɓar Maine, al'ummar Amish kuma, wata ƙungiyar Kiristoci manoma masu gudun rayuwar zamani, wadda kotun ƙoli ta amince mata a 1972 ta tsayar da karatun 'ya'yanta a aji takwas, tana gudanar da nata masu yawan gaske da kuɗinta.

Abin da ya fi gaggawa a yanzu shi ne mutanen. Waɗanda suka gama aji takwas a irin wannan ɗaki a shekarun 1950 sun haura tamanin. Su ne suka san a wane gefe murhu yake kafin a gusar da shi, daga rijiyar wa ake ɗebo ruwa, wace malama ce ta kwana da su daren da hanya ta toshe, da yadda aka yi taron ƙarshe da aka kaɗa ƙuri'ar rufewa. Gyaran rufi na cin dubban daloli kuma sai an nemo tallafi, amma zama da dattijuwa a naɗi muryarta, a ɗauki hoton takardun da ke cikin akwatinta kafin magada su zubar, wayar hannu da yini ɗaya kawai yake buƙata. Kwamitoci da yawa suna barin wannan aiki sai sun gama fenti, kuma gyaran irin wannan gini da kuɗin sa-kai yakan ɗauki shekaru.